Inna, Jirginki Yana Nan Kan Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga surukata, mahaifiyar maigidana, wadda ƙauye duka ke kira Inna Mai Jirgi.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da ku, ina roƙon Allah Ya sa kuna cikin ni'ima a makwancinku. Mu nan lafiya lau muke. Damina ta yi albarka, an gama yankan gero, dawa ma ta kusa. Kogi ya cika har ya taɓa gindin giyayyar mashigi, yanzu kuma ya fara ja da baya. Na san ba za ku ga wannan takarda ba, ko da kuna raye ma sai dai in karanta muku. Masu bin rubutuna a waya su ne za su gani, kuma sun daɗe suna tambayata wace ce wannan Inna da nake yawan ambata. Shi ya sa na ce bari in zauna in yi magana da ku, su kuma su saurara daga gefe.

Da kina kusa da tuni kin katse ni. Ban manta ranar da kika ce, "Ke 'yar Gaya, mu biyu ne rak a jirgin nan, wa da wa kike ce wa ku?" To na bari, Inna. Daga nan har ƙarshe ke zan ce.

Shekara bakwai ke nan da aka kawo ni gidanki daga Gaya, zuwa wannan ƙauye namu na bayan Toranke. Ranar da na fara ganinki sosai, kwanana uku a ɗaki. Na leƙo ta labule na hango mace doguwa ta shigo da gorar tuƙi a kafaɗa, malfa a kan ɗankwali, zaninta a jiƙe har gwiwa. Kika jingine gorar a jikin rumbu, kika ajiye kwandon yakuwa, kika ce a ba amarya ta zaɓi mai kyau. Ni da na tashi a cikin gari ban taɓa ganin mace tana tuƙa kwale-kwale ba. Da na ba ƙawayena labari a waya, dariya suka yi ta yi, wai na auri ɗan direba.

Daga baya na ji yadda abin yake. Ke 'yar masunta ce, a bakin ruwa aka haife ki. Marigayi mijinki fito yake yi, yana haye da mutane ranar kasuwa. Da ya rasu aka sayar da babban jirgin, kika riƙe ƙaramin, saboda lambunki yana tsallake. Mutane sun yi magana, an ce mace mai 'ya'ya manya ba ta dace da wannan ba. Amsarki ɗaya ce ga kowa: "Duk wanda zai riƙa haye da ni kullum da safe ya kuma dawo da ni, ya zo in ba shi gorar." Ba wanda ya zo.

Tsoronki nake ji a lokacin, in faɗi gaskiya. Ba ki da yawan magana, ba ki da faɗa, amma in kika kalli mutum sai ya gyara zama. Ina durƙusawa in gaishe ki da safe, in kai miki abinci, in koma ɗakina. Iyakarmu ke nan kusan shekara biyu.

Sai na samu ciki. Wata tara cif ina ɗauke da shi lafiya, a ƙarshe jinina ya hau. Aka kai ni asibiti a Gaya, ma'aikatan suka yi iya ƙoƙarinsu, Allah Ya kuɓutar da ni. Yarinya ce, ba ta zo da rai ba. Na yi wankan jego a gidanmu babu jaririya a gefena. Nono ya kawo yana zuba, ina matsewa a ƙoƙo ana zubarwa a bayan ɗaki. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Da na dawo gidanki bayan arba'in, jikina ne kawai ya dawo. Ina zaune a bakin gado tun safe har la'asar. Tuwo ya ƙone a kan murhu ina kallonsa. In aka yi min magana sai na daɗe kafin in gane da ni ake. Tun ina sakandare nake rubuta labarai a littafin makaranta, da na samu waya na koma sakawa a zaurukan mata, har na tara masu jirana. Duk na fice daga zaurukan. In na buɗe wayar da niyyar rubutu, sai in ji kaina kamar ɗakin da aka kwashe kayansa.

Kin tuna zaman da aka yi a kaina a tsakar gida? Ina ɗaki ina jin komai. Babban ɗanki ya ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Mahaifiyata ta aiko cewa a mayar da ni Gaya har sai na warware, kuma kowa ya san irin wannan tafiya ba kullum ake dawowa ba. Maigidana, ɗanki Habu, ya ce duk abin da manya suka yanke shi ke nan. Mutum ne mai haƙuri, amma ya gaji, na ji a muryarsa. Sai kika yi gyaran murya kika ce, "A yi mata addu'a, ba na hana. Amma ku ba ni ita zuwa girbin dawa. In ba ta motsa ba, ni da kaina zan raka ta Gaya."

Washegari rana na fitowa kika tsaya a ƙofar ɗakina. Ba ki taɓa shigowa ba sai ranar. Kika ɗauko ƙwayar da aka ba ni a asibiti, wadda na yi kwanaki ban sha ba, kika miƙo min da moɗar ruwa. Kika ce, "Sha tukun. Jirgina ba ya ɗaukar wanda bai sha maganinsa ba." Na sha don kunyarki. Kika sa ni a gaba har mashigi.

Kafin in shiga kika ɗauko wata igiya, kika ɗaura a ƙuguna, kika ɗaura ɗaya bakin a naki. Kika ce al'adar masu ruwa ce, duk baƙon jirgi haka ake yi masa. Na yarda. Sai bayan shekara guda na tambayi Habu, ya dube ni da mamaki ya ce shi tun da yake bai taɓa jin wannan al'ada ba. Inna, ranar na gane kin ga irin kallon da nake yi wa ruwa. Kin san abin da yake zo min a rai, wanda nake neman tsarin Allah daga gare shi. Ba ki faɗa wa kowa ba, ba ki tsawata min ba, ba ki kunyata ni ba. Kin ɗaure ni a jikinki kawai, alhali kin san in na faɗa, tare za mu faɗa.

Na zaci lambu za mu. Da muka kai tsakiya sai kika karkata jirgin, kika bi da shi bayan tsibirin yashi, inda ruwa yake kwance kamar an zuba shi a tasa. Kika kafa gorar a ƙasa, kika ɗaure jirgin a jikinta, kika ɓantari goro, kika yi shiru. Ina zaune a gaba na ba ki baya. Ban san me ake jira ba. Bado ya buɗe fari fat a gefenmu. Wani zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ciyawar kacala, ya fi ƙarfin minti goma bai motsa ba. Can nesa ana jin injin ban-ruwa na wani mai lambu, da muryoyin mata masu wanki. Muka yi kamar rabin awa, kika zare gorar muka wuce lambu.

Haka muka yi kullum, kusan mako biyu. Ba ki tambaye ni komai ba. A gida duk wanda ya shigo sai ya ce in yi haƙuri, har kalmar ta zama kamar ana danna min ciwo. Ke ba ki taɓa faɗa min ita a kan ruwa ba. Abin da kike cewa bai wuce, "Kwarfe ruwan nan," kina miƙo min ƙwarya, ko, "Dubi tsuntsuwar can, kirinjijiya ce da 'ya'yanta." Na fara lura da cewa in mun dawo ina jin yunwa. Rannan na cinye ɗumamen da kika ƙunso mana, har da rabonki, kika yi kamar ba ki gani ba.

Wata safiya muna tsaye a wurin nan kika yi magana, idonki yana kan ruwa. Kika ce, "Ni uku na binne kafin in samu wanda ya tsaya. Ta biyun ta yi kwana tara, har an raɗa mata suna. Hansatu." Kika ce babansu ne ya riƙa kawo ki nan bayan ya gama fito, don a gida kin kasa numfashi. Sannan kika tambaye ni abin da babu wanda ya tambaye ni, har mahaifiyata: "Ke wane suna kika so a sa wa taki?"

Na ce Safiyya. Ban taɓa furta sunan a fili ba sai ranar. Na yi kukan da ban yi a asibiti ba, ban yi a gidanmu ba. Jirgin yana girgiza saboda kukana, kika sa tafin ƙafarki a bayana kika dafa ni, don hannuwanki suna riƙe da gora. Ba ki ce in yi shiru ba. Da na gaji kika ce, "Allah Ya haɗa Safiyya da Hansatu. Wanke fuskarki, barkono na jiranmu."

Akwai ranar ɗan maraƙi, wadda har gobe ake ba da labarinta a mashigi. Fulanin da suka sauka a gabas da mu suna haye da shanu, ruwa kuma bai gama sauka ba. Muna dawowa daga lambu muka ji ihu. Wani ɗan maraƙi ja ya rabu da garke, ruwa ya ɗauke shi, kansa yana nitsewa yana fitowa. Makiyayin yana can tsakiyar shanu ba shi da yadda zai yi. Ban ga lokacin da kika juya jirgin ba. Kika tare shi ta ƙasa, kika jefo min filafilin tuƙi kika ce, "Riƙe mana hancin jirgi ya kalli gaɓa! Tuƙa ta hagu!" Ni da ban taɓa tuƙi ba. Kika kwanta rub da ciki a gefen jirgin, mace mai shekara sittin da ɗoriya, kika cafko kunnensa da hannu ɗaya, ɗayan kika zagaye wuyansa. Jirgin ya karkata, ruwa yana shigowa. Ina tuƙi ina salati ina ihu, "Inna kar ki sake shi! Inna kar ki sake shi!" Kika ce, "Ke ki kula da naki aikin!"

Da muka dunguri yashi, maraƙin ya miƙe yana rawar sanyi, ya yi atishawa, ya ruga wajen uwarsa ko waiwaye babu. Kika zauna a cikin ruwa kina haki, malfarki ta tafi, kika ce, "Ka ga ɗan banza, ko sannu." Na fashe da dariya har na riƙe ciki. Matan wanki suka tsaya suna kallona, don rabonsu da jin muryata tun kafin in haihu. Matar makiyayin ta yi ta kawo mana nono har suka tashi.

Da azahar ranar na ɗauki waya na rubuta abin da ya faru. Shafi ɗaya ne, kuma ba shi da kyau, amma na rubuta. Washegari na karanta miki a bayan tsibiri. Kika saurara har ƙarshe kika ce, "Kin manta malfata. Sabuwa ce fa."

Daga nan kika zama mai sauraren farko na duk abin da na rubuta. Ina ƙulle wayar a leda, in mun tsaya in kwance in karanta. Ba ki yi boko ba, amma ban taɓa samun mai gyara kamarki ba. Da na karanta miki tsohon labarina, wanda nake alfahari da shi, kika ce, "Wannan matar taki ba ta cin abinci ne? Tun shekaranjiya take kuka a kan kujera." Wata rana kuma kika ce, "Mutanenki duk a mota suke. Babu mai zuwa gona a cikinsu? To wa ke noma musu?" Na ji haushi a raina, na yi kwana biyu ban karanta miki komai ba. Ba ki lallashe ni ba. A rana ta uku na zo da sabon labari, na wata bazawara mai noman albasa a bakin kogi. Kika gyara zama kika ce, "Yauwa. Wannan na san ta." Kika koya min yadda ake dashe, da lokacin da ake daina ban-ruwa kafin a cire, da irin ƙaiƙayin da hannu ke yi. In na sa wa wani magana a baki wadda ba ta zauna ba, sai ki ce, "Mutumin ƙauye ba zai faɗi haka ba. Sake."

Na lura da wani abu a wannan lokaci. In na zauna a ɗaki ina matsa wa kaina, ba abin da ke zuwa. In muka fita kan ruwa na bar tunanin, ina kallon yadda gora ke shiga tana fitowa, sai in ji maganar da nake nema ta faɗo min da kanta. Na faɗa miki haka, kika ce ke ma duk shawarar da kika yanke mai kyau a rayuwarki a nan kika yanke ta, har da ta zaɓa wa Habu mata daga Gaya. Ban san lokacin da na rufe fuska da mayafi ba.

Girbin dawa ya zo ya wuce, ba wanda ya sake ta da maganar mayar da ni gida. Na koma asibiti aka auna jinina, ma'aikaciyar ta ce duk abin da nake yi in ci gaba. Kin kwance igiyar nan wata safiya, kika naɗe ta kika jefa a ƙasan jirgi.

Ba wasa kike yi da kogi ba, wannan ma ina so masu karatu su sani. In ruwa ya yi ja yana tafe da itace, ko hadari ya haɗo daga gabas, ko sarki ne ba za ki ɗauka ba. Mutum huɗu ne iyakar jirginki. Na ga ranar da wani dillalin tumatir ya matsa sai kin ɗauke shi da kwandunansa a sahu ɗaya, kika ce, "Ko dai ka haye kayanka su jira, ko kayanka su haye ka jira." Ya yi ta faɗa, kika ci gaba da cin goronki. Da Habu ya sayo mana rigunan ruwa masu ruwan lemo daga Kano, mutane suna dariya, ke kika fara sawa a kan rigar atamfarki, kika ce duk mai dariya ya zo ya nuna miki iyonsa.

Shekara uku muka yi muna wannan fita, ban da tsakiyar damina. A ta ƙarshe kin fara ramewa, numfashinki yana gajarta. Kin je asibiti, kin sha magani, amma jiki ya riga ya yi nisa. Fitarmu ta ƙarshe da bazara ne, ruwa ya ja sosai. Kika tsaya a mashigi kika miƙo min gorar, kika wuce gaba kika zauna a wurina. Na tuƙa mu a karkace, sau biyu ina kifa hancin jirgi a yashi. Ba ki gyara min ba ko sau ɗaya. Da muka isa bayan tsibiri kika sa hannu a ruwa kika daɗe, sannan kika ce, "Ashe haka gaba take da daɗi. Shekara arba'in ina baya."

Bayan kwana goma sha biyu kika rasu, da hantsi, ranar Laraba, kanki a kan cinyata. Ina cikin waɗanda suka yi miki wanka. Tafin hannunki duk kanta ne, na riƙe shi na daɗe kafin a ce in saki.

Ga labarin jirginki. Da aka zo rabon gado, babban ɗanki ya ce a ba masu ɗiban yashi, tunda ba mai tuƙawa. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, gaskiyarsa ce a yadda ya gani. Ina bayan ƙyaure ban da bakin magana. Sai na ji Habu ya ce a sa jirgin a rabonsa. Da ya shigo ɗaki sai ya ajiye filafilinki a bakin gadona ya fita. Ya kira mai gyara aka toshe tsagar gefen dama da tsumma da kwalta.

Ranar da na fara fita ni kaɗai, jirgin ya yi ta juyi da ni a wuri ɗaya kamar ana tuƙa tuwo. Matan wanki suka yi dariya har da tafi. Wani tsoho mai saƙar komar kamun kifi ya ɗaga murya ya ce, "'Yar Gaya, ki bar faɗa da shi, bi shi a hankali!" A mako na uku na isa bayan tsibiri ban dunguri komai ba. An yi magana a gari, kamar yadda aka yi a kanki. Ɗanki ya ce da izininsa nake fita, maganar ta mutu.

Yanzu duk ranar Alhamis da safe, in ruwa ya kwanta, ina ɗaukar mata uku. Ban yi shela ba, su suka riƙa zuwa. Ta farko Ladidi ce, maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya shekara biyu a kwance tana jinya. Ta ce min, "Don Allah ki kai ni inda ba mai kiran sunana, ko na rabin awa ne." Sai Malama Hadiza mai koyarwa a firamare, wadda ke tsara waƙoƙin da yara ke rerawa, ta ce kanta ya toshe. Akwai wata mai saƙar faifai daga Kademi da ta zo ganin gida, ta ga yadda bado ya jeru ta koma ta fitar da sabon zane, ta aiko min da guda ɗaya. Dokokinki na nan yadda kika bar su. Kowa ta sa rigar ruwa, mai magani ta sha kafin ta shiga, kuma ba a tambayar kowa abin da ya kawo ta. Abu ɗaya ne na kasa koya, shirunki. Ni bakina yana ƙaiƙayi, sai na ciji leɓe.

Labarin mai albasa na gama shi. Mata da yawa sun rubuto min daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba, suna cewa kamar uwarsu na zana. Na so a ce kin ji ƙarshensa, don na tabbata da kin samu abin gyarawa.

Na bar babban labari sai yanzu, Inna. Bara na sake samun ciki. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ban tsallake awo ko ɗaya ba, ɗanki yana kai ni Gaya a babur a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. Da cikin ya tsufa ya hana ni tuƙi, ni kuma na ce in ban ga ruwa ba zan shiɗe. Sai ya karɓi gorar. Ɗan mai fito, jikan masunta, ashe bai iya ba! Tun yana yaro aka tura shi makaranta. Ni ce a gaba ina ce masa dama, hagu, yana gumi yana cewa in yi masa a hankali. Rannan a bayan tsibiri ya ce min, "Ni fa ban san Inna ba sai a bakinki." Na ba shi labarinki har rana ta yi zafi.

Na sauka lafiya, yau kwana hamsin da biyu. Da na ji kukan jaririn na ƙi buɗe ido, sai da ungozomar asibitin ta ɗora min shi a ƙirji ta ce, "Ke buɗe ido ki ga ɗanki, irin wannan murya ai sai gidan ladan." Namiji ne, Inna. Wata tara ina addu'ar mace don in sa mata sunanki, na riga na shirya yadda zan riƙa sakaya shi. Allah Ya yi nasa zaɓin, kuma na gode Masa. An sa masa sunan mahaifinki, Idrisu. Yana da dogayen yatsu, yana shan nono kamar ana binsa, kuma in ya ɗaure fuska yayyen Habu suna cewa ke ce sak. Yanzu haka yana kan cinyata, da hannu ɗaya nake wannan rubutu.

Ya Allah, ga baiwarKa, ta riƙe ni a lokacin da na kasa riƙe kaina. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi. Ka haɗa ta da 'ya'yanta uku da suka riga ta, da mijinta, da iyayenta. Ka shayar da ita daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Duk macen da ta samu sauƙi a cikin jirgin nan, Ka kai ladan gare ta. Ka raya Idrisu a kan imani, Ka ba ni tsawon ran da zan ba shi labarin kakarsa da bakina. Amin.

Ya farka, Inna, yana neman abinci. Bari in tsaya nan.

Wassalam.

Taki har abada,
Zinatu